Kwamfutar da Na Bar wa Wurin Girma

Ko tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, ba na jin zai iya ɗauke wata ranar Asabar da na tsaya gaban manya, riƙe da karan dawa, ina bayanin abin da ba shi da bayani. Har yau in na tuna sai in ji fuskata ta ɗauki zafi, in rufe ido ni kaɗai a madafa kamar wani na kallona. Amma bari in ɗauko muku daga farko.

Maigidana, Abban Hanifa, yana da wata sha'awa da ban taɓa jin irinta ba sai da aka kawo ni gidansu a Ƙofar Rini. Rediyo ce, amma ba wadda ake kunnawa a saurari labarai ba. Wannan kai ma magana kake yi a cikinta. Har da lasisin gwamnati, da wata doguwar waya da aka ɗaure daga saman ɗakinmu zuwa bishiyar darbejiya (tun ina amarya aka yi mini kashedi kada in yi shanya a kanta, kuma wallahi da ba a faɗa ba da na yi). Sai ya zauna yana murɗa wani abu, ƙara na tashi kamar an jefa ƙosai a mai, can sai muryar wani mutum ta fito daga wata ƙasa. Su gaisa, kowa ya gaya wa ɗan'uwansa yadda yake jin muryarsa da yadda garinsu ya kwana, su yi sallama. Na taɓa tambayarsa, "To yanzu mi kunka ƙulla?" Ya ce, "Zumunci." Na yarda, tunda ni ma in muka haɗu da mata a gidan suna ba mu wuce hakan ba.

Ana nan sai kamfanin da yake yi wa aikin gyaran ƙarfen sabis ya mayar da shi Fatakwal. Ɗaki ɗaya ya samu a bene, babu inda zai ɗaura wayarsa. Mutumin nan bai damu da rashin tuwo ba, bai damu da ruwan sama da ake yi musu ba dare ba rana ba, damuwarsa rediyo. Daga baya shi da wani dattijo abokin sha'awarsa, wanda muke ce wa Baba Injiniya, suka samo dabara. Rediyo za ta zauna a Sakkwato. Za a haɗa ta da wata kwamfuta da ba a kashewa, kwamfutar a haɗa ta da intanet, shi kuma daga can sai ya buɗe tasa ta hannu ya riƙa sarrafa komai kamar yana zaune a ɗakin.

Kwamfutar ba irin ta shagon buga takardu ba ce. Shimfiɗaɗɗiya ce kamar babban faranti, ana tura ta kamar durowa cikin wani kabad na ƙarfe mai ƙofar gilashi da suke ce wa rak, a ɗaure kunnuwanta da kusoshi. Kabad ɗin na nan a ɗan ɗakin da ke manne da uwar ɗakina, can ne rediyon take. Abban Hanifa ya yi magana da wani mai shago a cikin gari, Malam Nasiru, da ke kawo irinsu waɗanda aka yi amfani da su daga Legas. Sai dai kayan ba su iso ba sai da hutun da ya zo gida ya ƙare, ya koma Fatakwal. Dole wani ya je ya zaɓa. Baba Injiniya kuwa gwiwoyinsa ba sa son yawo, ya ce shi dai a kawo, zai zo ya ɗaura.

A nan ya kamata ku san inda na faɗo. Gidan mijina gidan malamai ne da ma'aikata. In ana hira a tsakar gida, wannan ya jefo Larabci, wancan ya jefo Turanci, ni kuma ina gefe ina tsince shinkafa. Karatuna bai wuce firamare da Islamiyya ba. Babu wanda ya taɓa goranta mini, Allah ya sani, amma ni nake goranta wa kaina safe da yamma. Wadda na fi jin nauyi kuwa ita ce babbar yayarsa, Yaya Asma'u, mai koyarwa a wata kwaleji. Ba ta da faɗa, amma in ta dube ka ta saman tabarau sai ka fara tuno laifukan da ba ka yi ba.

Ita ce ta kira shi a gabana, ta sa wayar a fili, ta ce ya bari ta je ta zaɓo masa, kada a wahal da yarinya. Sai na ji ya ce, "A'a Yaya, Maman Hanifa za ta tahi. Ita ta san ɗakin, ita ta san zafinai, ita za ta kwana kusa da ƙarar. Kuma tana lura da abin da mu ba mu lura da shi." Yaya ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "To, Allah shi ba da sa'a." Ranar ban ci abincin kirki ba. Rabin cikina farin ciki, rabi fargaba. Wannan ne karo na farko da aka ɗora mini wani abu a gidan nan da ba girki ko goyo ba, kuma a gaban Yaya. Na ce a raina ko me za a yi, ba zan ba shi kunya ba.

Ya turo mini saƙon murya, na yi ta saurare har na haddace shi kamar Ƙulhuwallahu. Ya ce faɗinsu duk ɗaya ne, kada in damu da wannan. In ɗauki mai ɗan kauri, domin sirara fankokinsu ƙanana ne, ihu suke yi, Hanifa ba za ta yi barci ba. Kada ta zama mai shan wuta, tunda batirin sola ne zai riƙe ta. In sa a gwada mini ko tana tashi da kanta in an ɗauke wuta an dawo da ita, don ba kullum zan kasance kusa in danna ba. In duba ramukan baya in gwada da hoton da ya turo. Sai na ƙarshe, wanda ya nanata: zurfi. Ya ce a nan suke bambanta, wata doguwa ce wata gajera, in auna kabad ɗin daga gaba zuwa baya da tef.

Na ɗauko tef. Jama'a, ashe tef fuska biyu gare shi. Wannan gefen lamba daban, wancan gefen daban. Na auna, na juya, na sake aunawa, lambobi suka ƙi yarda da juna. Na kira shi, wayar ba ta shiga, sun tafi aiki wani ƙauye cikin ruwa inda babu sabis. In tambayi Yaya? Gara in haɗiye tef ɗin. Ina zaune ina zufa sai dabara ta faɗo mini, har na yi wa kaina murmushi. Mu a gidanmu ba mu taɓa sayen takalmin Sallah da lamba ba. Inna takan sa yaro ya taka ƙasa, ta gwada tsinken tsintsiya a ƙafarsa, ta karya, a tafi kasuwa da tsinke. Tsinke ba ya ƙarya, ba shi da fuska biyu. Na fita bayan gida na zaro karan dawa miƙaƙƙe daga dannin akurkin kaji, na tura shi cikin kabad har ya taɓa baya, na dafe daidai bakin ƙofa da babban yatsa.

Sai na matsar da yatsan gaba, kamar faɗin tafin hannu, sannan na karya.

(Kada ku tambaye ni me nake tunani. Ba na tunanin komai. Hannuna ne ya yi abin da ya saba. Tun da na haifi Hanifa ban taɓa sayen riga ko takalmi daidai jikinta ba, kullum sai na ƙara, saboda Inna ta ce wanda ya yi yawa a cusa masa tsumma, wanda ya matse kuwa sai dai kyauta. Har na yaba wa kaina da hangen nesa.)

Washegari na goya Hanifa, na zura hijabi, na shiga keke napep da karana a hannu kamar mai zuwa kiwo. Mai keken ya yi ta leƙena ta madubi har muka wuce wajen Hubbare, daga ƙarshe ya kasa haƙuri ya ce, "Hajiya, wa za a buga?" Na ce, "Kai dai tuƙa."

Malam Nasiru ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka jera mini su a kan benci. Na ce a kunna mini kowace in ji. Ta farko doguwa ce siririya, ana kunna ta ta kwarma wani ihu kamar jirgin alhazai zai tashi, Hanifa ta zabura a bayana ta fashe da kuka. Na ce a kashe, wannan ko kyauta ba na so. Sauran biyun masu kauri ne, ɗaya gajera ɗaya ta fi ta tsawo, numfashinsu a hankali. Na sa tafin hannu a bayansu in ji iskar da ke fita. Na sa aka zare wayar wuta aka mayar, duka suka tashi da kansu. Na fito da hoto na gwada ramuka ɗaya bayan ɗaya. Har na ji wani da ya zo gyaran waya yana ce wa na kusa da shi, "Wagga ta san abin da takai." Kaina ya ƙara girma, hijabi ya kusa matse ni.

Sai na ɗora kara. A kan gajerar, kara ya wuce ta da nisa, ta zama kamar takalmin bara. A kan ɗayar kuwa ya kwanta cif, kamar tare aka halicce su. Na ce, "Wagga ta."

Malam Nasiru ya sosa ƙeya. Ya ce, "Hajiya, yadda maigida ya kwatanta min kabad ɗin nan, ina ganin ƙaramar ta ka shiga."

Na ce, "Malam, kai ka ga kabad ɗin?"

Ya ce bai gani ba.

Na ɗaga kara sama na ce, "To ni na gani, kuma ni na auna." (Da ƙarfi na faɗa, don mai gyaran wayar nan ya ji.)

Ya ce, "Shi ke nan. Amma kin san ƙa'idar shago, kaya in sun hita ba su dawowa." Na ce ba za su dawo ba. Aka ɗora mini ita a keke, na rungume ta har gida ina yi wa mai keke faɗa a kan kowane rami.

Ranar Asabar na tashi da wuri, na share ɗakin, na dama fura da nono mai kyau, na yi kwalliya kamar mai zuwa biki. Da hantsi Baba Injiniya ya iso da jakar kayan aikinsa yana dogara sanda. Yaya Asma'u ma ta shigo, wai ta zo gaishe da Baba. Abban Hanifa ya dawo inda ke da sabis, aka kira shi ta bidiyo aka jingina wayar a kan tebur yana kallon komai. Baba ya duba kwamfutar ya jinjina kai, ya ce zaɓi ya yi kyau, fankoki manya, ba za ta sha wuta ba. Daga cikin waya na ji an ce, "Ba na gaya muku ba?" Na sunkuyar da kai irin na masu kunya, alhali a zuciyata guɗa nake yi.

Muka kama, ni da Yaya, Baba na nuna mana inda za mu saita. Ta fara shiga sumul. Tana tafiya, tana tafiya, sai ƙwas! Ta tsaya. Gabanta na waje kamar harshen ɗan akuya.

Baba ya ce a ɗan ja baya a sake turawa. Ƙwas. Ya kunna tocila ya leƙa ta gefe ko wata waya ce ta tare. Babu komai, ƙarfe ne ya ci karo da ƙarfe. Ya gwada rufe ƙofar gilashi, ƙofa ta ce ba da ita ba.

Ni kuwa maimakon in yi shiru, sai bakina ya buɗe. Na ce lallai mai shagon nan ne ya musanya mini lokacin da nake gyara goyo, dama tun farko na ga take-takensa. (Allah ya yafe mini, bawan Allah da ya ba ni shawarar gaskiya.) Yaya ta ce, "Lamba nawa kinka samu da kinka auna?" Na ce ai ba da lamba na auna ba, da abin da ya fi lamba. Na ruga na ɗauko kara, na miƙa wa Baba da hannu biyu, ina jiran a wanke ni.

Aka zaro kwamfutar aka ajiye. Baba ya tura kara cikin kabad har ya taɓa baya. Kara ya leƙo waje, daidai gwargwadon yadda kwamfutar ta leƙo.

Baba ya dubi kara, ya dube ni. Cikin taushin murya ya ce, "Ɗiyata, wanga kabad kinka auna, ko akwai wani?"

Na ce shi ne.

"To wanga saura hwa, na mi ne?"

A lokacin ne abin da hannuna ya yi ya iso kaina. Na so in yi ƙarya, ƙaryar ta ƙi zuwa. Da wata 'yar murya da ban san ina da ita ba na ce, "Na ƙara ne kaɗan, Baba. Saboda girma."

"Girman wa?"

Na dubi kwamfutar, su ma suka dube ta.

Wanda ya fara dariya shi ne na cikin waya. Na ji wani irin sauti kamar an shaƙe shi, sai hoton ya kife, muka koma kallon silin ɗin Fatakwal, dariya kawai ke fitowa. Baba ya zauna a kan kujera yana share hawaye da hularsa, yana cewa, "La ilaha illallahu. A aikinmu ragewa akai, ɗiyata, don a bar wa wayoyi wuri a baya. Kabad shi na takalmin, kwamfuta ita ta ƙafar. Kin sawo ƙafar da ta fi takalmi!" Hanifa da ba ta san komai ba ta ga ana dariya, ta kama tafi. Yaya Asma'u kaɗai ce ba ta yi dariya ba, kuma wannan ya fi komai kashe ni.

Na sulale zuwa madafa na zauna a kan turmi na yi kuka mai isata. Ba kunyar kaɗai ba. Na san kaya ba sa komawa, na san maigidana ya daɗe yana ɗokin ranar, kuma na san daga yau in aka ce a aiki Maman Hanifa, wani zai yi tari.

Ina nan sai ga inuwa a bakin ƙofa. Yaya ce, da makullin mota a hannu. Ta ce, "Tashi ki wanke fuska ki sa hijabi." Na ce Yaya ai mai shagon ya ce ba su dawowa, kuma ni ba zan iya haɗa ido da shi ba. Ta ce, "Ke munka aika, ke za ki ƙarasa aikinki. Ni direba ce kawai." A hanya da muka tsaya a wata mahaɗa sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Da ni na tahi, da mai ihun nan da kinka ba mu labari zan ɗauko, don ita ta fi kama da sabuwa a hoton da mai shago ya turo. Ban san ana sauraren fanka ba." Sai kuma kafaɗunta suka fara rawa. Ashe dariyar tana nan, riƙe ta ta yi don kada ta ƙara mini. Ta yi ta har na bayanmu suka dame mu da oda, ni ma na samu kaina ina yi, da majina da komai.

Muna shiga shago Malam Nasiru ya miƙe ya ce, "A'a, Hajiya mai awo! Ina karan?" Na ji kamar in koma cikin mota. Yaya ta dafa kafaɗata ta ce, "Malam, ƙanwata ta zo da magana." Ta bar ni a tsaye. Na ce, "Malam, kai ka yi gaskiya. Kuma na zarge ka a bayan idonka cewa ka musanya min, ka yafe ni." Na ba shi labarin girma. Mutumin nan sai da ya riƙe benci. Da ya samu numfashi ya ce, ƙa'ida dai ƙa'ida ce, amma wanda ya ba shi dariya irin wannan ba zai fita da ɓacin rai ba. Ya shiga ciki ya fito da gajerar. Ashe tun ranar ya ajiye ta gefe, har wani ya taya, shi kuma ya ce masa an riga an yi magana. Duk da haka sai da na sa aka sake kunna ta na saurara, aka zare wuta aka mayar. Yaya ta tsaya tana jira, ba ta ce in yi sauri ba.

Kafin la'asar Baba ya tura ta cikin kabad, ta shige har da sauran wuri a baya, ƙofa ta rufe ƙyas. Da yamma Abban Hanifa ya kira ni ni kaɗai. Na fara ba shi haƙuri, ya katse ni. Ya ce duk abin da ya lissafa mini na yi shi daidai in ban da ɗaya, kuma laifinsa ne da bai nuna mini gefen tef ba. Ya ce, "In an tashi sayen batir ma, ke za ki tahi." Sai ya ƙara da cewa, "Amma a bar kara a gida."

Yanzu in ya taso aiki ya zauna a ɗakinsa na can, ni a nan sai in ji wani ɗan abu cikin kabad ya yi ƙyat, ƙaramar fitila ta koma ja. Ko bai kira ni ba na san ya dawo lafiya, ya ci abinci, yana gaisawa da mutanensa. Ga mai yawan fargaba irina, wannan ƙyat ɗin ba ƙaramar kyauta ba ce. Nakan ce alhamdu lillahi in ci gaba da abin da nake yi. Allah ya saka wa Baba da Malam Nasiru da alheri, Yaya kuwa ban san da bakin da zan gode mata ba, ko da yake ita ce ta kai labarin gidan kowane ɗan'uwa, har da na Gusau.

Abin da na koya shi ne, tambaya kunyarta ta minti ɗaya ce a gaban mutum ɗaya. Ni da na guje ta, na sha tawa a gaban dattijo, da yayar miji, da mai shago, har da Fatakwal kai tsaye. Kuma yanzu kafin in ƙara wa abu don girma, nakan tsaya in duba ko yana shan nono.